Yaya, Kai Kaɗai Ka San Hanyar

Ina kan keken ɗinki na hango motarka ta shigo layinmu, ranar Talata, tara ga watan Yuli, da hantsi. Ta shiga ƙofar gidanka da goshi. Shekara ashirin ban taɓa ganin ka shigar da ita haka ba. Kullum da baya kake shiga, wai don ta kwana tana fuskantar daji. Ƙafata ta tsaya cak a kan keke. Kafin abokin aikinka ya fito da makulli a hannu, ya ce ka yanke jiki ka faɗi a gareji, jikina ya riga ya ba ni. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yaya, ka tafi da hanyar wurinmu a cikin kanka. Duk hutun makaranta kake loda mu, 'ya'yanka uku da nawa biyu, da tanti da jarkoki, mu yi kwana uku a bakin wannan rafin da ke bayan duwatsu. Daga inda kwalta ta ƙare babu allo, babu gari. Da itatuwa kake gane kwana. Ni kuwa da mota ta fara jijjiga sai barci.

"Auta, buɗe ido ki ga hanya," kake cewa.

"Direba biyu a mota ɗaya? Ka tashe ni in an iso."

"To, Hajiyar barci. Wata rana za ki nema."

Dariya na yi, Yaya. Dariya.

Da ashana ɗaya kake hura wuta, ko da itacen ya sha raɓa. In ta kama sai ka ɗaga kwalin sama, yara su yi ta tafi kamar ka ci kofi. Shayinka kullum warin hayaƙi, ka ce ai shi ne maganin. Ranar da ruwan sama ya kayar da tantin da na ɗinka, muka cushe a mota mu bakwai muna rawar sanyi, ka ce, "Telar gidanmu ta ɗinka mana rariya." Ran tafiya kuwa ba ma motsawa sai ka tura hannu cikin toka ka ji ta yi sanyi. Ka ce daji aro ne.

Shekarar da mijina ya rasu, na daina cin abinci, na daina magana. Ba ka yi mini wa'azi ba. Ka kai ni can, ka hura wuta da la'asar, ka miƙo mini sanda ka ce in riƙa gyara ta. Ka kwashe yara kuka tafi kamun kifi. Na yi kukan da na kasa yi a gida, babu mai cewa in yi haƙuri. Da kuka dawo ka gasa mini masara, na cinye biyu. Marayuna ba su taɓa jin bambanci tsakaninsu da naka ba, kuma a bakin wutar nan suka koyi hakan.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata makwancinka, ya sa ka a inuwar da ta fi wadda kake nema mana. Ina yi wa Inna ta'aziyya, da matarka wadda ta zame mini 'yar'uwa, da yaranmu biyar, da abokan aikinka na gareji. Allah ya ba mu haƙurin rashinka.

Na tambayi matarka, ta ce ita ma lokutan da ta bi mu, hira take yi ba ta kallo. Babbar 'yarka ta tuna wani dutse mai tsaga, amma ba ta san ko dama ake bi ko hagu ba. Jiya ƙananan suka fito da tanti suka shanya a tsakar gida, suka ce Gwaggo za ta kai su. Hutu saura mako uku. Har yanzu ban gaya musu ban san hanyar ba.