Ranar da Gaisuwa ta Shanye Mana Fetur

Shekarun baya can, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina koyar da lissafi a firamare a Tambuwal. Mahaifina yana Fakku, idanunsa sun fara yana, har sai ka matso sosai kafin ya gane ka. Sai labari ya zo cewa wani likitan ido zai yini a asibitin Tambuwal, ya zaɓi waɗanda za a yi wa aiki. Da la'asar zai wuce, kuma ba wanda ya san ranar dawowarsa. Dole in je in ɗauko Baba a ranar.

Abokina malamin asibiti yana da wata tsohuwar mota da ya saya hannun wani bature mai komawa gida. Baturen ya san dalilin da ya bar ta. Allurar mai ta mutu, sai dai a zura kara cikin tanki a ga inda ya jiƙe. Batir ma ya gaji, ba ta tashi sai da turi. Ga shi a makon nan fetur ya yi wuya, ɗan abin da ya rage wa mai sayarwa a duro shi ya juye mana, kuma hanyar Fakku, wadda ta bi ta Kebbe, ba inda za ka sami ko ɗigo. Tambayar ita ce, zai kai mu ya dawo da mu?

Nan fa malamin lissafi ya sami abin yi. Na tuna tafiyar da muka taɓa yi da ita zuwa Dogon Daji, na san nisan, na san inda kara ya jiƙe kafin mu tafi da bayan mun dawo. Na raba, na fitar da mil nawa take ci a galan. Na ƙara mata saboda rairayi, na ƙara saboda tsufa. Na ce wa abokina ya kwantar da hankalinsa, har rara za mu dawo da ita. Yadda na faɗi maganar, sai ka rantse ni na ƙera motar.

Zuwa lafiya lau. Da hantsi muna Fakku, kara ya nuna daidai inda na ce. Muka sa Baba a baya, matasan gari suka tura mu.

Ba mu yi nisa ba ya dafa kafaɗar abokina.

"Ɗana, tsaya ga garin ga. Akwai wanda munka yi karatun allo tare, in gaishe shi."

Na ce, "Baba, likita fa ba ya jira."

"Gaisuwa ɗai ta. Mi za ta ci?"

Abokina ya tsaya, amma bai kashe mota ba. Ya raɗa mini cewa in ta mutu cikin rairayin nan, sai dai a nemo shanu su ja ta. Haka ta yi ta gurnani a bakin zaure, Baba yana ciki. Kun dai san gaisuwar dattawa. A tambayi gida, a tambayi gona, a tambayi wanda ya rasu bara, a yi masa addu'a, a kawo fura, a ce rantsuwa sai an sha.

Gaba kaɗan, ta'aziyya. Gaba kuma, wata ƙanwar kakata da ban ma san tana raye ba. A Kebbe, mutumin da suka yi fataucin gishiri tare. Ko'ina sai ya kama fuskar mutum ya matso da ita dab da tasa, ya daɗe yana dubawa. Ni kuwa ina tsaye jikin mota, rana tana dukana, ina jin injin yana shan abin da na ware wa hanya. An ce zumunta a ƙafa take. Ran nan tamu a tanki take. Na yi magana sau ɗaya, na yi sau biyu, na uku ya ce, "Malam, ni na haife ka ko kai ka haife ni?" Na juya masa baya, raina a ɓace.

Bayan azahar, tsakanin Kebbe da gida, mota ta yi tari ta tsaya. Na zura kara, ya fito a bushe. Muka ari jaki a wata ruga muka ɗora Baba, ni da abokina muna biye a ƙasa. Ban taɓa gajiya irin ta ranar ba, ta jiki da ta zuciya. Muka shiga Tambuwal rana ta yi ja, likita ya daɗe da tafiya.

A ƙofar asibitin na kasa daurewa, na ce, "Baba, kun ga abin da gaisuwa ta ja mana."

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Kai fetur kaka aunawa, ni ido nika aunawa. Likita ko shi gyara ko shi kasa, Allah ɗai Ya sani. Amma yau ina gani, ko dishi-dishi na. Mutanen ga, wasu tun kana goye rabona da su. In ido za shi tahi, gara shi tahi da su ciki."

Damina ta zo ta yanke hanya. Kafin kaka idon ya rufe, kuma ya ƙi yarda a sake kai shi ko'ina.

Yanzu na wuce shekarunsa na lokacin, kuma har yau ban gama yanke wa ranar nan hukunci ba. Wani lokaci in ce lissafina daidai ne, mota ba ta tafiya ma tana shan mai, wannan kawai na manta. Wani lokaci in ce da ya ji maganata da ya ga jikokinsa. In na tuna, gajiyar ce take fara dawo mini.

Bayan ya makance, in mutanen nan suka zo duba shi, yakan gaya wa kowa kamanninsa, wane ya yi furfura, wane haƙoransa sun zube, a yi ta dariya. Rannan na ce, "Ni fa, Baba?"

Ya ce, "Kai? Duk yinin ƙeyarka ka ba ni. Da ka juyo kuma, fuska a murtuke. Da ita na aje ka."