Tsohuwar Ruwais da Ta Manta Larabci

Har yau ban manta da ranar da aka tura ni gidan Ummu Khalid a unguwar Ruwais ba. Lokacin ban daɗe da zuwa Jidda ba, iƙamata, wato takardar izinin zama, ma sabuwa ce, ina aikin jinya a wani asibiti mai zaman kansa, a sashen da ke bin marasa lafiya har gida. Tsarinmu shi ne a haɗa mu biyu a kan majinyaci ɗaya, mai safe da mai yamma, mu haɗu da azahar a miƙa aiki. Ni ce mai safe. Mai yamma Sista Hana ce, 'yar ƙasar Cek mai jin Jamusanci, wadda ta girme ni a aiki nesa ba kusa ba.

Ummu Khalid Bajamushiya ce, ta haura tamanin. Wani ɗan kasuwar Jidda ne ya auro ta tun da ƙuruciyarta, ta musulunta, ta haifa masa 'ya'ya, ya rasu ya bar ta. Ciwon mantuwa ya cinye Larabcin da ta yi shekaru tana yi, ya bar mata Jamusanci kaɗai, wanda ko 'yarta Samira ba ta ji sosai.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne, kullum kafin karin kumallo sai ta sa matan gidan sun jeru a baranda, ta bi su da sandarta tana ƙirgawa. Wadda ta motsa ta sha tsawa, a koma farko. Mai girkin gidan, Khala Zainabu, haifaffiyar unguwar Waziriyya ta nan Jidda ce da kakanninta suka zo hajji daga Katsina, ita abin dariya yake ba ta. Ta ce mini, "Yalla ki shiga layi kawai, ya binti. In ta ƙirga, halas, shi ke nan, sai ta ci abinci." Na riƙa shiga, ina raya wa raina ko malamar makaranta ce a da.

Wata rana ƙirgar ta yi jinkiri har Hana ta iso ta tarar da mu a jere. Ta ɗan saurara, sai ta ajiye jakarta ta fita tsakar gida. Na bi ta, na ce mata ina jin tsohuwar malamar makaranta ce a da. Ta ce wannan ba maganar malama ba ce. Haka masu gadi suke kiran fursunoni a sansanonin da gwamnatin Jamus ta tsare Yahudawa da sauran waɗanda ba ta so, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Kakarta ta zauna a irin wannan sansani, kuma har ta mutu in ta firgita waɗannan kalmomin take maimaitawa.

Ni a sanina gadin irin wannan wuri aikin sojoji maza ne, sai na yi ta jero mata tambayoyi. Ta ce akwai mata, yawancinsu 'yanmata ne da suka nemi aikin kamar kowane aiki. Bayan yaƙi an rataye 'yan kaɗan, an ɗaure wasu aka sake su tun wa'adi bai cika ba, saura kuwa suka tuɓe kaki suka koma garuruwansu, suka yi aure, ba wanda ya ce musu uffan. Washegari Hana ta roƙi shugabar sashenmu ta sauya mata majinyaci, aka sauya.

Na daɗe ina juya abin kafin na tambayi Samira ko mahaifiyarta ta taɓa gadin irin wannan sansani. Ba ta musa ba. Ta ce su dai an rene su a kan cewa mahaifiyarsu aikin masana'anta ta yi lokacin yaƙi. Sai da ta je Jamus jana'izar kawunta wata tsohuwar maƙwabciya ta faɗa mata gaskiya: an tsare uwar na wani lokaci bayan yaƙi, aka sallame ta ba shari'a, ta kama aiki a otal, a can ta haɗu da mahaifinsu. Da Samira ta dawo da niyyar tambayarta, ciwon ya riga ya ci ƙarfin uwar.

Ta ce, "Sista, matar nan ita ta koya mini alwala. Ban san abin da hannun nan ya aikata ba, kuma babu sauran wanda zan tambaya."

Bayan 'yan watanni na zo da safe na tarar tsohuwar tana kuka, ta ƙi yarda a taɓa ta, tana ta magana ba mai ganewa. Zazzaɓi babu, awon jininta daidai. Ka'ida ita ce in sanar da likita inda ciwon yake kafin a ɗaga ta, ni kuwa ban sani ba. Na kira Hana a waya, na gaya mata ba dole ba ne ta zo. Ta ce ga ta nan.

Ta zo ta durƙusa a bakin gado, ta yi mata tambayoyi da Jamusanci a hankali, kamar yadda ake yi wa kowane majinyaci. Ashe tsohuwar ta faɗi ne a banɗaki ta lallaɓa ta koma gado, ƙugunta ya tsage. Hana da kanta ta tallafe ƙafar har aka sa ta a motar asibiti. Tsohuwar ta riƙe mata hannu tana yi mata godiya. Hana ba ta fizge ba, ba ta kuma amsa ba. Da motar ta tafi Hana ta daɗe zaune a dakalin ƙofa.

Ummu Khalid ba ta sake komawa gida ba, a asibiti ta rasu, kuma babu wanda ya san iyakar abin da ta aikata. Ku sababbin ma'aikatan jinya da kuke shigowa aikin nan, ku sani za a kwantar muku da mutanen da ba ku san abin da suka baro a baya ba, kuma jinya ba ta jiran sai an yanke hukunci. Amma in abokiyar aiki ta ce ba za ta iya da wani majinyaci ba, kada ku yi saurin ɗora mata laifi. Wadda na sani ta ce ba za ta iya ba, kuma ranar da babu mai iyawa sai ita, ta zo.