Rumbu Ɗaya, Ba Biyu Ba

Rannan ina kan kabu-kabu zan je wurin aiki, can bayan kasuwar dabbobi ta Tawa, sai ƙamshin lakar da aka kwaɓa da ciyawa ta kwana ya buge ni. Wani tsoho ne ke gyaran katangarsa. Na ce wa mai babur ya tsaya. Ya zaci wani abu ya faɗi daga aljihuna, har yana dube-dube a ƙasa. Ba abin da ya faɗi. Ni magini ne, amma siminti nake aiki da shi, kuma siminti ba shi da ƙamshi, sai cin hannu. Wannan lakar kuwa ta mai da ni ƙauyenmu na ƙasar Barmu, shekarar da rumbun kakana ya rushe.

Ba zan yi maka daɗin baki ba, ban yi nisa a karatu ba. Na zauna jarrabawar satifika, ta kayar da ni, na koma gona. Waɗanda muka zauna benci ɗaya da su yau wasu suna biro, wato ofis, suna wuce ni cikin mota, in sun ga dama su sauke gilashi su kira ni magini da Faransancinsu, su ce, “Maso, ana aiki?” A'a, rawa nake yi. To, amma ba ƙorafi na zo yi ba yau. Godiya na zo yi, ko da yake bakina bai saba da ita ba.

Babana ya rasu ina aji biyar. Ya bar innata da ni da ƙannena ƙanana. Gidanmu gidan gandu ne: gona ɗaya, rumbu ɗaya, kakana ne ke da iko da bakinsa. Baffana, ƙanen babana, shi da ƴaƴansa manya su ne ƙarfin noman. Ɓangarenmu kuwa bakuna ne da yawa, hannu babu. Kowa ya san haka, ba wanda ke faɗa.

In ba ka taɓa ganin rumbun Adar ba, ka ɗauko tulu a ranka, ka kumbura shi har ya fi ɗaki tsawo, ka ɗora shi kan duwatsu don gara da danshi. Bakinsa a sama yake, da hular ciyawa. Da laka ake ɗaga shi, zagaye bayan zagaye, a bari na ƙasa ya sha iska kafin a aza na sama. Namu ya girmi babana. Cikin ruwan watan takwas gefe ɗaya ya jiƙe, wata safiya muka ji ya zauna ƙasa kamar tsohon raƙumi. Ba a yi asarar hatsi ba, don lokacin ba abin da ya rage a ciki sai ƙura da ɓeraye. Amma damina ta yi kyau, zangarniya ta yi nauyi a gona, kaka ta matso, ba inda za a zuba.

Kakana yana da wata igiya ta kaba, kamu ashirin, wadda ita ce awon gindin tsohon rumbun. In za a yi sabo, ita ake shimfiɗawa a ƙasa a yi zobe da ita, a jera duwatsu, a bi ta da laka. Ya ciro ta ya ce a fara. Nan baffana ya karɓi igiyar, ya ninke ta biyu.

“Baba, mi za shi hana mu yi biyu? Kamu goma nan, kamu goma can. Tsawo ɗaya. Laka ɗaya za su ci, hatsi ɗaya za su ɗauka. In guda ya hwaɗi, guda na nan.”

Magana ce mai kyau a kunne. Amma na ga innata, tana tankaɗe a bakin ɗaki, ta tsai da hannu. A wurinmu ba a raba gandu da baki. Rumbu ake ƙarawa. Bana za a cika mana namu, a ce an yi adalci. Baɗi kowa ya cika nasa da abin da hannunsa ya noma. Mu da wane hannu? Ƙarshenta innata ta kwashi ƙananan ta koma gidan iyayenta wajen Kalfu, ni a bar ni wurin baffa ina bin jaki. Ina yaro, amma na gane wannan sarai, don na ga an yi wa wani gida a unguwarmu.

Kakana bai yarda ba, amma ba shi da abin kare kansa. Ya ce jikinsa na ba shi ƙanana biyu ba su kai babba ɗaya ba. Baffa ya ce igiya ɗaya ce fa, goma da goma ashirin, ko an canza lissafi? Ƙarfin tsohon ya ƙare, ba shi zai taka laka ba, ba shi zai ɗauko duwatsu ba. Wanda zai yi aikin shi ke da murya. Aka tsaya kan cewa bayan an ci kasuwar Barmu za a fara. Ga tabkin da ake ɗibar ruwan kwaɓi ya fara ja da baya, ba lokacin doguwar gardama.

A lakwal kuwa, makarantar boko ke nan, a daidai wannan lokacin, malaminmu, mushe muke ce masa irin na Faransanci, yana fama da mu kan perimetir da surfas da bolim. Waƙa muke yi da su. Mu rera da Faransanci, mu rera uku da waƙafi sha huɗu, mu rubuta a allo, mu goge, mu fita ba mu san abin da muka faɗa ba. Mushen nan Kirista ne, daga kudu aka turo shi, Hausarsa ma dariya take ba mu. Yana da bulala, kuma ba don ado yake riƙe ta ba. Ban san abin da ya ba ni ƙarfin hali ba, da aka tashi na tsaya. Na tambaye shi, in an raba igiya biyu aka yi rumbu biyu, daidai suke da guda?

Ya dube ni. “Wa ya ba ka wannan aikin?”

Na ce ba kowa. Na gaya masa abin da ke gidanmu, sama-sama. Bai ce Allah sarki ba, bai dafa kaina ba. Ya fito da ni waje, ya tsuguna, ya zana murabba'i a ƙasa da tsinke, taki huɗu kowane gefe, ya yanka shi gida-gida. Ya ce in ƙirga gidajen. Sha shida. Ya ce wannan layin na waje shi ne kewaye, shi ne igiyar kakanka, shi ne perimetir ɗin da kuke ta ihu. Gidajen nan na ciki su ne surfas, inda dami zai zauna. Sai ya zana ƙanana biyu, taki biyu kowane gefe. Igiyarsu in an haɗa daidai take da ta babban. Na ƙirga gidajen. Huɗu da huɗu. Takwas.

Na sake ƙirgawa, na zaci na tsallake wasu.

“In ka rage igiya rabi, tsawo ya ragu rabi, faɗi ma ya ragu rabi,” in ji shi. “Sau biyu aka cuce ka, ba sau ɗaya ba. Da'ira ma haka take. In ka aza tsawon bango a kai, shi ne bolim, abin da cikin zai ci.”

Na ce zan je in gaya wa baffa. Ya ja kunnena, ja na gaske. Ya ce in na je gaban manya da zanen lakwal da Faransanci, mari zan sha, kuma na cancanta. Ya shiga aji ya yago wani dogon kwali, ya naɗe shi kamar bakin rijiya, ya tsayar a ƙasa, muka cika shi da rairayi. Ya ɗaga kwalin, ya yanka shi biyu, ya naɗe kowane, ya ce in mai da rairayin ciki. Dukansu suka cika taf, ga tulin rairayi a gefe, kusan kamar wanda ya shiga. Ya ce, “Wannan ka kai wa kakanka. Shi kaɗai. Shi ya san abin da zai yi da shi.”

Ni da kakana akwai wasa, kamar kowane jika. Ɓarawon fura yake kirana, ni ina ce masa tsoho mai ran ƙarfe. Na same shi a inuwar zana, na yi masa gwajin da kwalin da mushe ya ba ni, na haɗa gutsuren biyu, na kuma raba su. Ya sa na maimaita. Bai yi murna ba, bai yabe ni ba. Cewa ya yi, “Ashe lakwal ɗin taku ba cin bulala kaɗai kuke yi ba.” Sai ya ce in jefar da kwalin, in nemo masa gefen tsohuwar tabarma, kuma in rufe bakina.

Washegari da hantsi, baffa ya dawo daga gona yana shan fura a gindin zana. Tsohon ya shimfiɗa buzu, ya naɗe tabarmar ta tsaya, ya ce wa innata ta kawo hatsi tiya biyu-uku. Ta kawo ta durƙusa ta ajiye, ta koma, amma ba ta shiga ɗaki ba.

“Taho ka gani,” in ji shi ga baffa. “Wanga ɓarawon ya gina rumbunai, ya ce ya hi ni iyawa. Cika mishi, hannuna na rawa.”

Baffa ya yi dariya, ya cika. Tsohon ya ɗaga tabarmar, ya miƙa masa wuƙa. “Raba ta biyu, yadda kac ce. Goma da goma.” Dariyar baffa ta ragu, amma ya yanka. Ya naɗe, ya soke da ƙaya, ya fara zubawa da hannunsa. Na farko ya cika. Na biyu ya cika. Ga hatsi nan tuli a kan buzu. Ya danna da tafin hannu, ya girgiza, ya ƙara ɗan kaɗan. Tulin bai tafi ko'ina ba.

Kaji suka fara matsowa. Ba wanda ya kore su.

“To,” in ji kakana, “wanga da ya rage, na wa ne? Na gara ko na awaki?”

Baffa ya daɗe yana kallon abin. Ya ce sai a yi biyun manya. Tsohon ya ce madalla, ga tabki can, ya je ya tambaye shi ko yana da ruwan rumbu biyu manya, ya kuma tambayi bayan ƴaƴansa. Baffa ya juyo ya dube ni. Na sunkuyar da kai ina wasa da ƙaya. Na tabbata ya gane, don ba wawa ba ne. Amma tsohon ya bar masa ƙofar fita: wasan jika ne, ba wanda ya kayar da kowa, ba wanda ya ambaci gandu, ba wanda ya ambaci marayu. Ya shanye furarsa, ya tashi, ya ɗauki igiyar, ya warware ninkin.

Rumbu ɗaya aka gina. Na taka laka har ƙafafuna suka tsage. Da aka gama zuba dami aka aza hular, innata ta dama fura da nono ta aika wa maginan, ta kuma ware wata a ƙwarya ta ce in kai wa mushe. Ya sha, ya ce ta yi tsami, ya shanye.

Kada ka ɗauka baffana ya zama waliyyi daga ranar. Ya ci gaba da gunaguni, kullum sai ya faɗa mana yawan bakunanmu. Amma daga rumbun nan muka ci, shekara bayan shekara, kuma gumin ƴaƴansa muke ci, wannan gaskiya ce, Allah ya jiƙansa. Da kakana ya rasu ba a daɗe ba aka raba gandun. Sai dai lokacin na iya riƙe hauya yini guda, ƙanena ma ya tasa. Innata ba ta bar ɗakinta ba har aka fitar da ita zuwa kushewa. Abin da tsohon ya saya mana ke nan, ƴan shekarun nan, kuma sun isa.

Mushe an ɗauke shi daga garinmu tun ban bar lakwal ba. Ban san inda ya ƙare ba, ban san ko yana raye ba. Ban taɓa ce masa na gode ba, yaro ba ya tunanin haka. Yau duk abincin da nake ci daga tsugunnin nan nasa ya fito. In an ce in yi tankin ruwa, na san abin da zai ɗauka kafin in aza bulo. In an ce karo, wato tayil, guda nawa ɗaki zai ci, tsawo sau faɗi, ba na rantsuwa, ba na canki. Satifika ban samu ba, amma wannan ba wanda ya ƙwace mini.

Yanzu in ka je ƙauyenmu, rumbunan sun ragu. Buhu ake zubawa a jibge a ɗaki, kowa da kwaɗonsa. Gidaje an yanka su da katanga har mutum ba shi da inda zai ɗaure akuya, kuma ni ake kira in yi yankan, ina yi, aikina ne. Ƙanena ya tafi ci-rani arewa, da farko yana kira, yanzu shiru. Matarsa da ƴaƴansa suna gidana a nan Tawa, tukunya ɗaya ake ɗorawa, wata rana ta isa, wata rana a ƙara ruwa. Ina gunaguni, ba zan ɓoye ba, jinin baffana ne a jikina. Kwanan baya surukina ya zo ya zauna ya ba ni shawara. Ya ce ni da nake magini, me zai hana in ja katanga a tsakiyar gidan, kowa ya san nasa, kowa ya ji da kansa?

Na ce masa na auna, bai fita ba. Bai tambaye ni abin da na auna ba, ni ma ban faɗa masa ba.