Hajiya Mai Gorar Baƙin Ruwa

Wai an ce wata Hajiya ta sauka Guangzhou za ta sayi kogin garin sukutum, a ɗura mata shi a kwantena zuwa Kano. Ƙarya ce! Dogara, wani ɗan kasuwa da ya je saro kaya, ya gan ta da idonsa a baje kolin Pazhou da ke garin, ko bokiti ba ta taya ba.

'Yar gajeruwa ce, tabarau a karan hanci, yatsunta sun rine shuɗi har farce. Jama'a na rububin yadi, ita tana rumfar injinan tace ruwa, rungume da gorar wani ruwa baƙi ƙirin. Duk mai injin da ya cika baki, sai ta tsiyaya masa, ta ce ya tace ya sha a gabanta. Har uku sun tuna suna da uzuri. A hasashen Dogara marina gare ta, rinin ya fara sauka rijiyoyin unguwa, ita kuwa ba ta son rufe sana'a, ba ta son shayar da maƙwabta guba.

"Hajiya," in ji shi, "zoɓon nan nawa kofi?"

Ta miƙo masa gorar. "Kyauta ne, ɗan nan. Shi jikokina ke sha. Kurɓi, sai mu yi dariyar tare."