Jakunkunan Ƙasa Biyu na Kawu Rabdan

Kawuna Rabdan, ƙanen mahaifiyata, makiyayi ne tun tashinsa har rasuwarsa, in ka cire damina uku da ya yi yana haƙa rami. Yana da shekara ashirin da bakwai, da mata da 'ya ɗaya, aka turo masu binciken ƙasa daga Ulanbator, babban birninmu, zuwa ƙungiyar kiwon da muke ƙarƙashinta. Suna neman ƙaƙƙarfa wanda ya san filin Shartal, shugaban ƙungiya ya nuna Kawu. Matarsa Pagma ba ta so ba. Mu nan ba a fasa ƙasa haka kawai, ko turken doki aka zare sai an cike gurbinsa.

"Mutane na kiwon tumaki," in ji ta, "kai za ka koma gafiya?"

Babban masu binciken wani ɗan Rasha ne, Arkadi, dogo mai jan wuya, yana jin yarenmu sama-sama. Aikin Kawu shi ne ya haƙa rami har iya ƙirjinsa, ya kankare bango ɗaya ya yi sumul, sai Arkadi ya sauka da wuƙa da tef ɗin awo. Daga sama, kamar taƙi ɗaya da rabi, ƙasa ce mai duhu, launin shayin da ba a zuba wa madara ba, saiwar ciyawa ta saƙe ta. Ƙarƙashinta launin ya yi haske, sannan a tarar da wani fari-fari kamar an barbaɗa gari. In Arkadi ya ɗiga wa farin nan wani ruwa daga kwalba, sai ya yi kumfa yana tsuwwa. Daga can ƙasa kuwa, ko a tsakiyar damina sanyi ke cizon ƙafa.

Arkadi kan ɗebi ƙasa ya tofa mata yawu ya murza a tafin hannu. In ta ƙi haɗuwa, yashi ce. In ta yi igiya har aka naɗa zobe da ita, yumɓu ce. Ta Shartal tana yin igiya, amma da an lanƙwasa sai ta karye.

"To ita wacce ce?" Kawu ya tambaya.

"Tsakiya," in ji Arkadi.

"Tsakiya ai ba suna ba ne."

Sai Arkadi ya faɗi sunan da ke cikin littafinsa, ya ce sunan ƙwallon wata bishiya ne ta can ƙasarsu, wai launinsu ɗaya. Kawu ya duba gabas ya duba yamma. Tafiyar yini guda babu bishiya ko ta magani.

Ganin ya iya lambobi, aka ƙara masa aiki. Duk ramin da aka haƙa akan zuba ƙasarsa a 'yar jaka, shi kuma ya rubuta lambar ramin a jikin guntun katako ya ɗaura. A ƙarshen daminar ta uku ana loda kaya a mota, Arkadi ya ɗago jaka biyu ya kira shi. Ɗaya lamba 19, ɗaya 61. In ka juya katakon, kowacce sai ta koma 'yar'uwarta.

"Wacce ce wacce?"

Rami na 19 a Shartal yake, inda danginmu ke kiwon kaka. Na 61 yana can bakin kogi, tafiyar kwana biyu a doki. Kawu ya buɗe jakunkunan, duk ƙasar ta bushe, launi ɗaya, ƙamshi ɗaya. Direba na danna hon, mutane na kallonsa. Ya nuna ta hannun dama ya ce, "Wannan ce ta Shartal." Ya faɗa da ƙarfi kamar mai tabbaci. Arkadi ya ja layi a ƙarƙashin lambar, mota ta tashi.

Bayan shekara biyu motocin noma suka zo suka kife Shartal, aka shuka alkama. Shekara huɗu ta yi kyau, har aka raba wa ƙungiya lambar yabo. Daga nan iskar bazara ta fara kwashe ƙasar, rana tsaka sai sama ta yi ja, ƙura ta shiga har cikin tukunyar madara. Da aka watsar da gonar, tsohuwar ciyawar ba ta dawo ba, sai wata tazargade mai ɗaci da tumaki ke ratsawa ba su sunkuya ba.

Tun daga lokacin Kawu bai sake zama daidai ba. Kiwonsa yake yi, ya aurar da 'ya'yansa biyar, da ƙungiya ta watse ya samu rabonsa na dabbobi ya riƙe su da kyau. Amma ana cikin shan shayi sai ka ga ya ajiye kwano, ya buɗe hannuwansa biyu yana kallon wannan yana kallon wancan.

"Tsohuwa, dama na ce ko hagu?" sai ya tambayi Pagma.

"Kai tsoho, ina wurin ne a lokacin? Ni ina tatsar saniya. Sha shayinka ya huce."

Wata rana ya ce ya tabbata ya yi daidai, ƙasar ce ta yaudari masu ilimi. Washegari ya ce a'a, ƙasar bakin kogi ya ba su da sunan tamu.

Yana da shekara saba'in da ɗaya wata mai binciken ƙasa, Tungalag, ta zo auna wuraren kiwo, ta sauka kusa da mu. Ni na kai shi wurinta a babur. Ya zayyana mata komai tana saurare, sannan ta sa aka haƙa rami a tsohuwar gonar. Duhun saman bai kai faɗin yatsu huɗu ba, farin nan ya matso kusa.

"Rabdan guwai," in ji ta, don haka muke girmama dattijo, "abin da kuka auna a da ba ya nan. Iska ta tafi da shi. Ba zan iya cewa ga yadda take a lokacin ba."

"To yanzu meye sunanta?"

Ta faɗi wani suna da bai taɓa ji ba. Ta ce an sake tsarin rabon ƙasa, a tsohon littafi aji ɗaya take, a sabo wani ajin, kuma mutanen wata ƙasar suna da nasu sunan daban.

"'Yata, ƙasar ce ta canja ko littafin?"

"Duka biyun."

"Amma ta noma ce ko ta kiwo?"

Ta murza 'yar ƙasa a hannu, ta ce irin wannan tana riƙe ruwa, saiwa na jin daɗinta, shi ya sa manomi ke kwaɗayinta. Amma a wuri mai sanyi da iska da ƙarancin ruwa kamar namu, ciyawa ce ke riƙe da ita. Kawu ya ce to ai wannan kakarsa ma ta sani, ita da ba ta taɓa shiga rami ba.

A hanyar komawa ya daki kafaɗata ya ce gobe bakin kogi za mu, yana so ya ga rami na 61 da idonsa. Fiye da shekara arba'in bai taka wurin ba. Muka yi yini muna tafiya. Da muka isa ya sa na tsaya a kan wani tudu. Filin gaba ɗaya tazargade ne, ga layukan tsohuwar huɗa suna nan a miƙe har inda ido ya tsaya. Nan ma an nome.

Na yi murna, na ce, "Kawu, ka gani? Ko dama ko hagu, duk ɗaya ne. Ba ruwanka."

Ya daɗe yana kallo, iska na kaɗa masa gemu.

"Ko kuwa saboda jakar Shartal suka nome nan?" in ji shi. "Ka ga sai ya zama biyu na ɓata."

Muka kwana a wurin wasu makiyaya, da safe muka juyo gida. Ya ƙara shekara shida a duniya. Kowace kaka shi ke zaɓar mana inda za mu sauka, kuma dabbobinmu ba su taɓa shiga lokacin sanyi da rama ba.