Takardun Kakana Sun Koma Jami'a

Duk inda na ji ƙanshin tsohuwar takarda gauraye da na fata, sai zauren kakana ya faɗo mini a rai, can ƙauyenmu ta wajen Bunkure. Yana da wata adaka cike da littattafan da ya kwafa da hannunsa, kowanne a cikin gafakarsa.

Da damina ba ya buɗe ta. Sai rani ya kama, an yi dashen tumatir, sannan ya shimfiɗa buzu a inuwa ya fito da su su sha iska. Mu jikoki yakan bar mu mu duba, amma sai mun wanke hannu ya bushe, kuma ba a lasar yatsa a buɗe shafi. Ba ya ba da aro. Ko malami ne ya zo daga Kura, a gabansa zai zauna ya kwafa.

Ruwan kanal na noman rani ya kawo mana shinkafa da albasa, ya kuma kawo danshi, gara ta samu wurin zama. Bayan rasuwar kakana mutanen jami'a suka zo neman a ba su takardun su adana. Baffana, babba a gidan, ya ce rubutun ubansa ba zai kwana a hannun baƙi ba. Goggo, ƙanwarsa, ta ce, "Yaya, to ita garar 'yar gida ce?" Aka raba biyu, rabi ya tafi. Wanda aka bari kuwa, da aka buɗe adakar bayan 'yan shekaru, ƙasa aka tarar.

Bara na kai Goggo ɗakin adana takardu na jami'ar. Sai da muka nuna katin shaida, muka bar jaka da ruwan sha a waje, aka karɓi birona aka ba ni fensir. Wata ma'aikaciya ta kawo kwali ɗaya, ta ce sai an mayar da shi za a fito da wani. Ta ciro littafin kakana daga ciki, ta ɗora shi a kan matashi mai laushi. Goggo ta daɗe tana kallon rubutun, sannan ta roƙi a ba ta ko shafi ɗaya ta tafi da shi.

"Mama, ki yi haƙuri, ba ya fita daga ɗakin nan," in ji ma'aikaciyar. "Amma zan ba ku izinin ɗaukar hoto, ban da kunna hasken kyamara."

Da muka koma gida Baffa bai tambaye mu hanya ba. Cewa ya yi, "Suna nan?"

"Suna nan, Yaya."

Na buɗo hotunan da na ɗauka, na miƙa masa wayata, ya kusanto da ita fuskarsa yana karantawa a hankali.

Yau sai da izini muke ganin abin gidanmu, kuma har yanzu hakan na ɗan sosa mini rai. Amma 'ya'yana suna da inda za su je su gani.