Farantin da Ya Yi Sanyi

Uwar Ɓeraye kowa ke ce mata, har maigadin ƙofa. Shekara goma sha tara ta yi a cibiyar binciken magunguna, a ɗaki marar taga na ƙarshen baranda, tana ɗaukar hoton zuciyar ɓerayen da ake gwada magani a kansu. Takan shaƙa wa ɓera iskar barci, ta aske masa ƙirji, ta kwantar da shi a farantin da ke ba shi ɗumi, sannan ta ɗora masa kan na'ura. Sai ga zuciya a allo tana bal-bal. "Sannu ɗan baba, yanzu za mu gama," haka take raɗa wa kowanne.

Abu ɗaya ta ɓoye. Ciwon suga ya kashe mata yatsu, ba ta jin zafi balle sanyi. Ta san ranar da aka gane, ranar za a raba ta da na'urar nan.

A shekararta ta ƙarshe wani likita ya kawo ɓeraye arba'in, yana gwajin maganin da zai rage saurin bugun zuciya. Ta ɗauke su hoto kafin magani, ta sake ɗauka bayan wata uku. Duk bugun ya ragu. Likita har rawa ya taka a baranda.

Washegari ta sunkuya gyara waya, kuncinta ya taɓa farantin. Sanyi ƙalau! Fitilarsa na ci, amma ya daina ɗumi. Ita kuwa ta sani sarai, sanyi kaɗai ya isa ya rage bugun zuciyar ɓera mai barci. Da yatsunta na ji, da tuni ta gane.

Ta daɗe a zaune. Babu wanda ya gani. Sai ta miƙe ta nufi ofishin Likita.

"Uwar Ɓeraye! 'Ya'yan naki sun yi yaji ne?"

"Likita, ba maganinka ba ne. Sanyi ne."

"Wane irin sanyi kuma, Yaya? Ke da kike taɓa farantin nan kullum?"

Ta shimfiɗa hannayenta a kan teburinsa. "Ina taɓawa. Ji ne ba na yi."

Ya dubi hannayen. Can ya ce, "Tun yaushe?"

"Ya kai shekara. Kada ka bari a ba mutum wannan maganin a kan hotunan da na ɗauka."

Aka mayar da ita ɗakin ajiyar takardu. Ba ta yi ƙorafi ba, sai dai in za ta wuce ƙofar ɗakin ɓerayen takan rage tafiya. Da aka maimaita hotunan, aka ga maganin bai yi komai ba, aka ajiye shi. Wata takwas bayan haka ta rasu. Allah ya jiƙan baiwar Allah, ya sa ta huta.

Har yau Likita ba ya bari a kwantar da ɓera sai ya sunkuya ya ɗora kuncinsa a farantin.